Ƙasar da Na Lasa a Summerfield

Kakata Iya Dije ta zo Greensboro a Amurka yi wa mahaifiyata wankan jego, ta shekara uku ba ta koma ba. Baba yana karatun aikin gona a jami'a, muna haya a gabashin gari, a wani gida mai murhu a bangon falo. Mu dai ado muka ɗauke shi. Iya tana ganinsa ta sa aka hura itace, ya zama wurin tatsuniya bayan magariba.

"Ga wata ta iso, ku gyara zama," in ji ta. Wa da ƙane ne aka ce kowa ya zaɓi filin gida. Wan ya hango fili a shimfiɗe, ciyawa kore shar, ya kafa ɗaki. Ƙanen ya tona, ya sa ƙasar a harshe, ya tofar, ya haura tudu mai tsakuwa. Da damina ta kankama, ɗakin wan ya durƙusa, kwaɗi suka tare a gadon matarsa.

"A ƙauyenmu sai an lasa, maigidana," ta ce da ni. "Ƙasar da ke riƙe ruwa tsami gare ta."

A lokacin ina cikin ƙungiyar noma ta makarantarmu, muna gasar tantance ƙasa. Akan haƙa rami, ka shiga, ka murza ƙasar da yatsa, ka auna gangara, ka cika kati: ta noma ce ko ta gini, za ta shanye ruwan masai ko kuwa. Mutum huɗu za a kai gasar jiha, ni kuma ina laɓe a na huɗu.

Ramin ƙarshe yana garin Summerfield kusa da mu, a gindin wata bargar dawaki. Ƙasar ja ce, kyakkyawa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na juya baya na lasa. Tsami, ƙarni, da fitsarin dawakin da wataƙila sun girmi Baba. Na yi maza na tofar. Yarinyar da ke gefena ta ƙwalla ihu, kowa ya leƙo. Na daure na rubuta cewa ba ta ginuwa. Katin alƙalin gasa ya ce tana ginuwa. Gurbina ya tafi, aka bar ni da sunan mai cin ƙasa har na gama makaranta.

Iya ta yi dariya har da hawaye. "Ni na ce ka lasa a gindin barga? Ai ko ƙanen nan hanci ya fara sawa, shashasha!"

Yau gidaje ne reras a filin, ciyawa kore shar. In na bi hanyar bayan ruwan sama sai na ɗaga gilashin mota, don masai yana dawo wa masu gidajen da abin da suka ba shi. Da ina zaton in gaskiyar mutum ta fito zai ji daɗi. Ni yawu kawai ke tarar min a baki, ga gilashi a rufe, ba wurin tofarwa.