Lambar Wasiƙar Laraba

Shekara shida ina shugabancin manoman layinmu na ruwa a gefen Bunkure, ba don ina so ba. Bara kanal ɗinmu ya cushe da laka da ciyawa, ruwa ya daina kaiwa gonakin ƙarshe. Ofishin ruwa suka ce duk layin da ke son a yashe masa ya aiko da takarda ta imel kafin Juma'a.

Ni karatuna bai wuce haɗa baƙi ba. Ranar Laraba na hau babur zuwa Kura, wurin wata Hajiya mai shagon kwamfuta, tsohuwar malamar makaranta. Ta buga, ta tura. Asabar na ji shiru, na koma na ce ta sake turawa. Litinin ma haka. Mu a wurinmu in ka yi sallama ba a amsa ba, sakewa kake yi.

Da jerin sunaye ya fito, babu layinmu. Na je ofis, akawu ya juyo min kwamfutarsa, ga wasiƙata ta Litinin. Ya ce na makara. Mutum talatin irin tumatirinsu ya isa dashe, kuma har a ƙofar masallaci ana cewa shan shayi ya kai ni Kura ranar Laraba.

Na koma wa Hajiya raina a ɓace.

"Malam, kai ka jawo," in ji ta. "Ofis zaure ne, da za ka yi ta maimaita sallama?"

"To ai duk ukun iri ɗaya ne, Hajiya. Wa zai bambance su?"

"Babura nawa ne irin naka a garin nan? Akwai mai lambarka?"

Ta ce ƙa'ida ce, kowace wasiƙa da lambar da ake manna mata lokacin turawa, duk duniya ba a maimaita ta. Ta buɗe wasiƙar Laraba, ta danna wani wuri, rubutu ƙanana suka zubo. Ta buga min a takarda, ta ja layi da jan biro ƙarƙashin wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa.

"Kada ka ce za ka karanta wa akawu. Miƙa masa kawai."

Akawu ya shigar da ita ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Sai ga wasiƙar Laraba, ashe 'yan'uwanta biyu ne suka danne ta. Ya ce, "Baba, kana da gaskiya." Ya ƙara sunanmu.

An yashe kanal, ruwa ya kai gonar ƙarshe, aka yi dashe. Ban san wanda ya zauna ya tsara ƙa'idar nan ba, Allah ya saka masa da alheri. Hajiya kuwa kwandon tumatirin farko na kai mata. Ta ce ƙanana ne, ta karɓa.