Akwatin Ƙwarin Yaya Habu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habu, mai ɗinkin hula a Dala, wanda 'yan unguwa suka laƙaba wa Malam Ƙwaro. Allah Ya jiƙansa. Shi bai taɓa jin haushin sunan ba, ni ce dai nake jin kunya.

Hula ce sana'arsa, amma ƙwari ne a ransa. Duk ƙwaron da ya faɗo zaurensa sai ya ajiye zare ya bi shi da ido. In ya mutu, ya soke shi da tsohuwar allura a jikin totuwar kara, ya jera a wani akwatin katako, ya manna masa 'yar takarda: sunansa, inda aka same shi, da wanda ya kawo. Akwai babe, buzuzu, zanzaro da fara iri-iri. Wanda bai san sunansa ba kuwa, shi zai raɗa masa. Ɗan ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda dawa a buhu, Alhaji Ba-Sallama yake ce masa.

Nishaɗi ne kawai. Amma masu sayar da hatsi sun gano shi, sukan kawo masa ƙwaro a kwalin ashana, ya duba ya ce wannan tun daga gona ya biyo hatsin, wancan a ɗakin ajiya ya same shi. A takardun nan akwai sunan mai shayi, da na mai wanki, har da na ladanin unguwa. Nawa babu ko sau ɗaya. Ni in na ga ƙwaro, takalmi nake ɗauka, shi kuma ya ce, "Tsaya!"

Duk da haka ni ya damƙa wa akwatin da ciwo ya tsananta, lokacin 'yarsa Rukayya tana shekara goma sha biyu. Ya ce, "Hadiza, ki riƙe mata har ta girma. Abu ɗaya ne, duk damina ki canza kafur." Na ce to. Na tura akwatin ƙarƙashin gadona a Dukawuya. Shekarar farko kewa ce ta hana ni buɗewa. Sauran shekarun kuwa, in faɗi gaskiya, ƙyama ce da mantuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Yanzu sai ka ɗauki hoton ƙwaro waya ta faɗa maka sunansa. Na san zai so abin, na kuma san zai yi mata gardama. Abin da zai ɓata masa rai shi ne yadda ake sayen maganin feshi a bakin titi a watsa wa masara, ba a ko tsaya an ga wace tsutsa ce ke cinta ba.

Rukayya yanzu noma take karanta a jami'a. Watan jiya ta zo ta ce, "Gwaggo, na zo karɓar ajiyar Baba." Muka jawo akwatin muka buɗe. Allurai na tsaye a layi, takardu na nan, ƙwarin kuwa sun zama gari kamar an daka su a turmi.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce, "Na ci amanar mahaifinki." Ba ta ce mini "ba komai" ba, kuma na gode mata da hakan. Ta sunkuya tana karanta rubutunsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ga wani ɗan ƙwaro, bai kai ƙwayar gero ba, ya fito daga cikin garin. Hannuna har ya kai kan takalmi.

Ta ce, "Gwaggo, tsaya! Wannan ne ya cinye su, busassun ƙwari yake ci. Kuma Baba ba shi da irinsa."

Ƙwarin da Yaya ya tara ba za su dawo ba, ni ce kuma sila. Abin da ya rage rubutun hannunsa ne, sai wannan "tsaya" da na sha ji a zauren Dala, wadda ban zaci zan sake jinta a ɗakina ba.

Bayan mako guda Rukayya ta dawo da akwatin ta nuna mini. Ta share shi, ta sa sabon kafur. Ƙwaro ɗaya ne tak a ciki, manne a 'yar takarda saboda ya yi wa allura ƙanƙanta. Ta rubuta sunansa, da inda aka same shi. A layi na uku ta sa: Gwaggo Hadiza.