Hutun da na rufe bakin ɗana

A ƙarshen shekarun casa'in ina matar aure mai 'ya'ya biyu, muna haya a wani gidan yawa a unguwar Belleville ta Treichville cikin Abijan, famfo ɗaya a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma tun ina yarinya nake da yawan fargaba. Nakan kulle ƙofa in dawo in sake taɓa kwaɗon. Maigidana yana da shago wajen Adjamé Mairie, sai magariba muke ganinsa.

Wata shekara uwar mijina ta zo daga Kano, ɗana ƙarami ya gaishe ta da Faransanci. Ta tuntsire da dariya, ta ce wannan ango ya ba ta takardarta, me za ta yi da mijin da bai iya ina kwana ba. Na san wasan kaka da jika ne. Amma maganar ta zauna min a ƙirji, na ɗauka da ni take, ni haifaffiyar Abijan da na kasa koya wa yaro harshen ubansa.

Da na ji za ta dawo a ƙarshen babban hutun makaranta, sai na tsara wa yarana yini. Bayan asuba wanka da koko. Da hantsi mu zauna a tabarma muna maimaita gaisuwa, su durƙusa, su tashi, su sake. Bayan azahar barci, ko da ba a jin sa. Da la'asar kuwa, lokacin da wata tsohuwa maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Jula ke ɗora kaskon aloko, wato soyayyar ayaba, yaran gida su kewaye ta suna ƙwallo da gwangwanin madara, ni sai in saki labule. Na hana Faransanci da Julanci a ɗakina. Wanda ya kuskure, in ce ban ji ba sai ya faɗa da Hausa. Yayar ɗan nawa mai wayo ce, ta iya lallaɓawa. Shi kuwa ɗan shekara biyar, mai surutun da har ciwon kai yake sa ni, ya fara rage magana. Idan yana son ruwa sai ya nuna randa. Tsohuwar ta tare ni a famfo ta tambaya ko ɗan akunta ba shi da lafiya, don ta kwana biyu ba ta ji shi ba. Na ce lafiyarsa lau. A raina ina cewa natsuwa ce ta zo.

Ranar da muka je tarbar kakar a tashar Adjamé, cikin hayaniyar 'yan dako da masu kiran fasinja, na tura shi gaba. Ya durƙusa daidai yadda na koya masa, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya juyo ya dube ni, ba ita ba. Wannan kallon har yau ina ganinsa. Tsoron kuskure ne a idonsa, irin nawa sak.

Washegari da la'asar na tashi zan saki labule, kakar ta ce in bar shi, ita ba ta yi doguwar tafiya don ta zauna a kurkuku ba. Ta ja tabarma gindin mangwaro, ta ce wa angonta tun da ya zama kurma, to ya je ya karɓo mata abin nan mai ƙamshi, in ba haka ba ta koma wurin mijinta na Kano mai sayo mata tsire. Ya tafi sum-sum. Ina daga ƙofa na ji muryarsa yana yi wa tsohuwar Julanci. Ya dawo da aloko a takarda, yana gaya wa kakar rabi da Faransanci rabi da Hausa cewa akwai yaji, ta ci a hankali. Ta ce oho, ashe mijin nata yana son ta. Na koma ciki na yi kuka.

Daga ranar tsarin ya sauya. Wanka da koko suna nan, barcin azahar ma, amma la'asar ta zama tasu. Hausar da na kasa ɗura masa, a tabarmar nan ya tsince ta, wajen rama tsokana.

Yau gidan an rushe shi, kakar da tsohuwar duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Idan na ji ƙamshin aloko da yamma, tsakar gidan nake tunawa, da hutun da na cinye wa yarona rabinsa. 'Yan'uwana iyaye, ku tsara wa yara yininsu, yana da kyau. Amma ku bar musu la'asar. Kuma idan ɗanku mai surutu ya yi shiru, kada ku yi saurin gode wa tsarinku kamar yadda na yi.