Uwar Askin Basilia

Iya Tiburcia Callisaya ba ta taɓa roƙon kowa komai ba sai da ta tsufa, kuma da ta tashi roƙon, ba hatsi ta roƙa ba. Wanda zai yi wa jikarta askin fari take nema.

A ƙauyenmu na kan tudu aka haife ta, inda iska ba ta hutawa kuma ba abin da ƙasa ke bayarwa da daɗin rai sai dankali. Ta yi kiwon tumakin ubanta, ta yi na mijinta, da mijin ya tafi haƙar kuza ya dawo da tarin da ya kai shi kushewa, ta ci gaba da kiwon nata. Mace ce mai ƙaramin jiki da kaifin harshe, wadda in ta gaishe ka sai ka duba ko akwai ƙaya a ciki. Cikin 'ya'yan da ta haifa ɗaya ce ta rayu, Eulalia, ita ma shekarar babban fari ta ɗauke ta, ta bar jaririya Basilia a kan nono. Uban yarinyar ya gangara neman aiki gonakin koka, ganyen nan da mutanenmu ke taunawa, ya aiko da gaisuwa sau ɗaya, daga nan ko ɗuriyarsa.

Tiburcia ba ta tsoron mutuwa. Abin da ke ci mata rai shi ne hannun da yarinyar za ta faɗa in ita ta kau. A wajenmu maganin wannan sananne ne. Ba a sa wa yaro almakashi a ka sai ya fara tafiya da magana, ana barin gashin ya cukurkuɗe. Sannan a nemi mai hali, a kai masa 'yar kyauta, a durƙusa. In ya karɓa, ya amsa ke nan. Shi zai yanke gashin, ya naɗe ya adana a ɗakinsa, daga ranar yaron ya zama nasa. In iyaye suka mutu ba a ma tambayar inda za a kai shi.

Ta fara da mai motar ƙauyen, ya ƙi ko kallon ganyen kokar da ta shimfiɗa masa. Ta je wa matar mai kanti.

"Haba Iya," in ji matar, "bana ko kare ya haihu sai ya yi nadama. Ki ba ni yarinya ba uba ba tunkiya, in kai ta ina?"

"Ki kai ta inda kika kai kunyarki," in ji Tiburcia, ta naɗe zanenta ta fita.

Lokacin ne aka ji labarin 'yan mishan a garin bakin titi. Fasto Haugen da matarsa Marlys sun zo daga ƙasarsu da 'ya'yansu uku, suka kama wani tsohon ɗakin ajiyar ulu suka mai da shi gidan marayu. Wasu yaran su riƙe, wasu su nema musu iyayen riƙo cikin 'yan cocinsu. Ni dai ba a zaginsu a gabana. Matar nan, wadda kowa ke kira Ermana, wato 'yar'uwa, da hannunta take wanke zawon 'ya'yan mutane, kuma katifar da marayu ke kwana ita 'ya'yanta ke kwana. Laifinsu ɗaya, sun zauna cikinmu shekara da shekaru ba su taɓa tambayar me ya sa muke yin abin da muke yi ba.

Tiburcia ta goya Basilia, ta ɗauki cuku ɗaya da ya rage mata, ta gangara. Ba ta jin Sifaniyanci sai na ciniki, Ermana kuma ba ta jin Aimara, harshenmu, ko na gaisuwa, don haka aka kira Fermina mai dafa abincin gidan ta tsaya tsakani. Tiburcia ta kwance goyo, ta durƙusa, ta miƙa cukun da hannu biyu. Ermana ta karɓa da hannu biyu tana murmushi. Sai ta duba kan yarinyar, ta yamutsa fuska, ta yi magana, aka kawo almakashi.

Murna ta cika Tiburcia. Ta cire hularta. Tana kallo baturiyar nan ta ɗora yarinyar a cinya, ta yanke gashin tas da hannunta, ta tattara shi a takardar jarida, ta naɗe, ta shige da shi ciki. Da ta fito, tsohuwar ta rungume ta tana kuka, ta kira ta komadre, sunan da uwa da uwar aski ke kiran juna. Ermana ta bubbuga mata baya. Fermina kuwa ta juya ta koma kan tukunyarta.

Daga ranar Tiburcia ta sami barci. Basilia ta zauna a gidan mishan, ita kuma ta koma kan tudu tana sauke haƙƙin komadre yadda ya kamata. Ba sallar da za ta wuce ba ta gangara da ƙwai ba, ko cuku, ko cinyar tunkiya in an yi yanka, ko da ita ruwan zafi da gishiri za ta sha ta kwanta. In ta haɗu da matar mai kanti a bakin rijiya sai ta ce, "Komadre na gaishe ki, ta ce ko kina da labarin cewa akwai gidan da ake cin nama ran Lahadi." Wasunmu suka yi dariya, wasu suka ji haushi. Ba wanda ya yi shakka, domin ai an karɓi kyauta kuma an yi aski.

Basilia ta girma da takalmi a ƙafa. Ta shiga makaranta, ta iya waƙoƙin coci, Aimararta ta riƙa zubewa har ya zama in kakarta ta yi magana sai ta kalli Fermina.

"Ke 'yar birni," Tiburcia kan ce, tana jan kunnenta, "kin sayar da bakin uwarki kin sayi sabulu?"

"Kaka, warin tumaki kike yi."

"Warin ne ya biya cukun da kika yi wannan kumatun da shi."

A ranta daɗi take ji. Wanda zai rayu a gidan mutane ai bakinsu ya kamata ya iya. Ba ta koya mata kaɗi ba, ba ta koya mata kiwo ba, don ba ta ga ranar da za su yi mata amfani ba.

Yarinyar na da shekara shida wani kafinta ɗan cocin da matarsa, waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, suka nemi a ba su ita riƙo. Mutanen kirki ne, gidansu da rufin kwano, matar kuma ta mutu a kan Basilia. Ermana ta ce sai an tambayi kakar. Da Fermina ta fassara, Tiburcia ta miƙe tsaye.

"Gaya mata ban zaci haka daga gare ta ba. Yarinya da uwarta a raye a miƙa ta gidan wani kamar 'yar tsintuwa? Ba na so in sake jin wannan magana."

Abin da Fermina ta gaya wa Ermana shi ne tsohuwa ta ce a'a. Ermana ta ɗauka kishin jika ne, ta ba da haƙuri, kafinta ya ɗauki wata yarinyar. Tiburcia ta koma gida tana ganin ta ja wa komadre kunne a kan hanya.

Bayan wasu shekaru wani ƙullutu ya fito mata a ciki, abinci ya daina zama. Ta san irinsa, shi ya ɗauki uwarta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ana cikin haka labari ya hau tudu cewa Fasto ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, cocinsu na can ƙasarsu ya ce a rufe gidan su koma. Tiburcia ta yi kukan rabuwa ita kaɗai, sannan ta zauna ta saƙa wa Basilia zane mai kauri, don an ce ƙasar da za a kai ta ma akwai sanyi.

Da ta gangara, ta tarar da gidan a hargitse, akwatuna a tsakar gida, an jingine katifu a bango. Ermana ta rame, idanunta sun faɗa. Tiburcia ta miƙa mata zanen.

"Gaya wa komadre na kawo wa 'yarta abin rufa a jirgi. Ta riƙa tuna mata da ni, ko sau ɗaya a shekara ya ishe ni."

Fermina ba ta fassara ba. Ta goge hannu a jikin zanenta, ta ce, "Iya, zo mu zauna."

"Faɗa mini a tsaye, ba baƙuwar magana ba ce ni."

"Ba da ita za su tafi ba. Ba da kowa za su tafi ba. Waɗanda aka samar wa gida an samar, sauran hukuma za ta kwashe zuwa babban birni, La Paz."

"Sauran daban. Wannan ita ta yi mata aski."

"Iya, kowa ita ta yi wa aski. Duk yaron da ya shigo gidan nan ranar farko take kwashe masa gashi. Ƙwarƙwata take gudu."

Tiburcia ta ce, "Gashin fa? Da idona na ga ta naɗe ta kai ɗaki."

"Kicin ta kawo mini. Ni na sa shi a murhu."

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Tiburcia ko kallon Ermana ba ta yi ba, Fermina ta sa wa ido.

"Ke 'yar tudu ce. Uwarki ta durƙusa wa wani saboda ke. Kin san abin da na gani ran nan."

"Na sani."

"Kika ci cukuna shekara takwas."

"Na ci, Iya. Ranar farko na ga kina kukan daɗi, bakina ya ƙi buɗuwa. Na ce gobe, goben ta yi nisa. Su kuwa in na gaya musu cewa za su yi al'adar arna ce, su hana ki shigowa."

"Ran maganar kafinta fa?"

Fermina ta sunkuyar da kai.

Ermana ta matsa sai an gaya mata abin da ake cewa. Da Fermina ta warware mata tun daga farko, matar ta zauna a kan akwati ta rufe fuska. Ta yi kuka na gaske, ban hana ta wannan ba. Ta ce ba ta sani ba, ba wanda ya gaya mata. Ta ce doka ba za ta bari ta fita da yarinyar da ubanta ke raye ba, ga miji a kwance sai an juya shi. Ta kama hannun Tiburcia tana neman gafara.

"Me take cewa?"

"Wai ki yafe mata."

"Gaya mata ba ta yi mini komai ba. Baƙo raɓa ne, ni ce na shuka a kansa."

Daga nan gidan kafinta ta nufa, ita da ba ta iya lanƙwasa gwiwa sai da dabara, ta durƙusa a ƙofar shagonsa cikin garin katako. Mutumin ya ɗaga ta da ladabi, ya sa aka kawo mata shayi. Ya ce yanzu yara uku ke hannunsa, biyu cikin makon nan aka ƙara masa, ko wurin shimfiɗa babu. Matarsa ta leƙo ta taga, ta ga ko wace ce, ta saki labule.

Saura La Paz ko tudu. Tiburcia ta taɓa ganin yaran da suka fito daga gidajen hukuma suna kwana a tashar mota, don haka ba ta daɗe tana tunani ba. Ta koma ta kama hannun Basilia. Yarinyar ta yi kuka tun daga bakin titi har ƙauye, cikin harshen da kakarta ba ta ji.

Watan sanyi ne, lokacin da ake baza dankali a fili ya kwana ya daskare, da safe a tattake shi da ƙafa a matse ruwan, rana ta busar. Wanda ya iya wannan ba ya mutuwa da yunwa a kan tudu, domin busasshen dankali sai ya shekara goma a rumbu. Da sassafe Tiburcia ta tashi Basilia, ta kai ta filin, ta nuna takalmin.

"Cire."

Basilia ta cire. Ta ɗora ƙafa a kan dankalin ta janye da sauri.

"Kaka, ƙanƙara ce."

"Da diddige ake yi. Murza, kada ki fasa shi."

Tsohuwar ta gwada mata sau biyu, ciwon ya murɗa ta, ta zauna a kan dutse tana riƙe da ciki. Daga nan da baki take koyarwa. Ƙafar da ta saba da safa ba ta jima ba ta tsage, ruwan dankalin ya fara yin ja. Tiburcia ta gani. Tausayi ya kama ta, ta haɗiye shi, don ba ta da lokacinsa.

"Kaka, jini nake yi."

"Na gani. Taka."

"Mu bari sai gobe mana. Ko ke ki yi, ni in kwashe."

"Bana ina nan ina gaya miki inda kika yi kuskure," in ji Tiburcia, a hankali, don kowace kalma ta shiga. "Baɗi ba wanda zai gaya miki."

Wannan Aimarar kam Basilia ta ji ta duka. Ta kalli hannun da kakarta ta dafe ciki da shi, ta kalli filin da ko rabinsa ba a taɓa ba. Sai ta share hanci da bayan hannu, ta mai da diddigenta kan dankalin.