Karin Hular Baba

Ranar da zan bar Gwaram zuwa aikin sa kai na dashen itatuwa a wata ƙasa mai tsaunuka, Inna ta ɗauko hular Baba daga ƙasan adaka ta ɗora mini a kai. Zanna ce mai ruwan toka, tana nan da karinta irin nasa, ya lotsa ta hagu ya ɗan leƙo gaba. Tun da ya rasu ba wanda ya taɓa karin nan.

"Kada ka yi mini yawo kai ba hula a garin mutane," in ji ta. "Kuma yadda na ba ka ita, haka za ka dawo mini da ita."

Na ce to. A jirgi ko gyangyaɗi ban yi ba, don kada in jingina da kujera.

Na isa kwana uku kafin ƙungiyar tamu ta haɗu. Zaman banza ya sa na biye wa wani Bature da muka sauka masauki ɗaya, ya ja ni kan wani tsauni inda ake ɗaure mutum da lema a tashi da shi sama. Ni da bakina na ce masa ai mu a yankin Birnin Kudu kan duwatsu muka yi wayo. Ban faɗa masa cewa dutsen da nake nufi har awaki na hawansa su yi tuƙa ba.

Matuƙin lemar wani gajere ne mai fara'a. Ya ɗaɗɗaure ni da bel ta cinya ta ƙirji, ya ce ni ne a gaba, shi a baya. Nan na fara zargin abin, don ban taɓa ganin acaɓar da fasinja ke gaba ba. Sai ya miƙo mini hular kwano.

Na ce ina da hula. Ya ce doka ce. Na ce tawa ma doka ce, kuma wadda ta kafa ta ta girme shi. Ya ce in bar ta a mota, na ce ko kusa. In na cusa ta a riga bel zai murƙushe ta, in na kifa kwano a kanta ma haka. Muka yi ta ja-in-ja layi na taruwa a bayanmu, har wata mata ta zaro salatif daga jakarta. Aka kifa mini kwano, aka ɗora hular Baba a samansa aka liƙe gefenta. Na ga ana ta ɗaukata hoto, na ɗauka kwarjini ne.

"Ka yi ta gudu, kada ka zauna sai na ce," in ji matuƙin.

Ni da na sha tura mota a hanyar Basirka, na san ƙa'ida: da ka ji ta kama, ka yi tsalle ka shige. Lema na cika da iska na yi tsalle na zauna daɓas. Bawan Allah ya ja mu da ƙafa biyu, yana faɗin wasu kalmomi a yarensu da ban nemi fassararsu ba.

Sai ƙasa ta tafi. Gonaki suka koma kamar tabarmi a shanya. Na ji tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, na ɗaga murya na ce, "Direba, akwai sauka!" Har na kai hannu sama zan buga rufin mota.

Hannun ne ya ci karo da hular, salatif ya saki, tana shirin tafiya. Na cafke ta da hannu biyu. Duk salatin da na yi a sama, da ita a dunƙule cikin hannuna na yi shi. Da muka dira na buɗe hannu, sai ga tsumma. Iska ba ta yi mata komai ba, ni ne na matse ta. Matuƙin na tafa mini, ni ina zaune a ciyawa ina hawaye.

Wata uku muna dashe da rana, da la'asar ina gaban madubi ina fama da karin hular. 'Yan ƙungiyar kowa ya gwada basirarsa, wani har ya mayar da ita kwalekwale. Da na dawo na tsaya Birnin Kudu wurin mai wankin hula, ya wanke ya ɗora a kan gungume, ya ce kari kam sai hannun mai shi.

Na durƙusa gaban Inna na faɗi komai, har da lemar. Sai ta ce:

"Sama ka hau? Me ka bari a can?"

Ta karɓi hular, ta kifa a gwiwarta, ta sa yatsu biyu ta danna hagu ta ja gaba. Karin Baba ya dawo, ba ragi ba ƙari.

"Inna, ya aka yi kika iya?"

"Shi ya iya ne? Kullum da safe ni nake karya masa." Ta shafa hular da bayan hannu, ba ta miƙo mini ba. "Na yi kewar yin hakan."