Matar Jikin Kalanda

Har yau in aka buɗe sabon garin sabulu kusa da ni, sai in kau da kai. Kai za ka ce ƙamshi ne. Ni kuwa ruwan kanal nake ji.

Ina 'yar ƙarama aka jawo ruwan madatsar Tiga ta kanal zuwa gonakinmu, tsakanin Kura da Bunkure. Kanal ɗin na siminti ne, gefensa a gangare, gansakuka ta sa shi santsi kamar miyar kuɓewa. A nan maza suke wanki in sun taso daga gonar alkama da tumatir, don a wurinmu namiji ya wanke rigarsa ba abin magana ba ne. Abin da ya bambanta Baba shi ne har zannuwan Inna yake haɗawa. Inna tana da farfaɗiya. Tun ranar da aka kawo ta gidan, Kaka, mahaifiyar Baba, ta kafa doka: ba ita ba murhu, ba ita ba bakin ruwa. A haka muke zaune lafiya.

Wata ranar kasuwa da rani, mota mai lasifika ta zo tana raba garin sabulu a 'yan kwalaye, haɗe da kalanda. A jikin kalandar mace ce ta tsuguna gaban baho, kumfa har gwiwar hannu, tana murmushi. Mijinta na bayanta a kujera, cikin farar riga tas, bai taɓa komai ba. Lasifikar ta wuni tana nanata cewa a farin rigar miji ake gane mace tagari.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta kawo kalandar ta kafa a ɗakin Inna. Ba muguwa ba ce, bakinta ne ba linzami.

"Ga 'yar'uwarki na kawo miki," in ji ta. "Sai dai ita ba maigida ke mata wanki ba."

Matan gida suka yi dariya, Inna ma ta taya su. Kaka ce kaɗai ba ta dara ba. "Wannan takarda ce, ba ta san ciwo ba. Ku cire ta." Ba wanda ya cire.

Daga nan Inna ta canza. Nakan shigo in same ta ta tsura wa matar ido. Ta fara ɓoye zannuwanta kada Baba ya ɗauka. A bakin kanal kuma abokansa suka tasa shi gaba da tsokana, wai a sa hotonsa a kalandar baɗi, maganar ta zagayo har cikin gida. Ran nan na ji tana tambayarsa ko ruwan yana kai gwiwa. Sai Baba ya ce mata:

"Ki bar ni da wankina. Ni na ce miki na gaji?"

Ranar wata Juma'a maza duk suka tafi masallaci a Kura, Kaka ta ja ni barka a maƙwabta. Da muka dawo, ba baho, ba kwalin sabulun, ba Inna. Ban taɓa ganin Kaka tana gudu ba sai ranar, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Babu kowa a bakin kanal. Rigar Baba ta idi tana shanye a kan ciyawa, an danne gefunanta da duwatsu kada iska ta ɗauka. Ta fita fes. Bahon na can ƙasa a kife, kumfa na bin ruwa a hankali. Sai bayan la'asar aka sami Inna, a ƙofar ƙarfen da ke raba wa gonaki ruwa. Baba bai ƙara sa rigar nan ba har ya koma ga Allah.

Yanzu ɗana da kansa yake zuba kayan matarsa a injin wanki, ba mai ɗaga ido. Amma da an kunna talabijin, ga matar nan ta dawo, ga kumfar, ga mijin a kujera. Jikokina suna bin waƙar tallan, ni kuwa sai in tashi in bar ɗakin, don har yau ina jin haushinta. Na yi furfura, haƙorana sun zube, ita tana nan da murmushinta, ba ta tsufa ba. Inna ma haka.