Ramukan Tanko Maharbi

A Karakkai na tashi, a hannun kakata Inna Delu. Da an idar da sallar magariba sai ta tura karan dawa cikin murhu, mu jikokinta mu zagaye ta, tana gasa mana gyaɗa. Ba ta yi mana tatsuniyar dariya. Nata labaran duk da jini a ciki, har mahaifiyata takan ce, "Inna, za ki hana yaran nan barci." Sai ta ce, "Gara su ji shi nan, gaban wuta."

Wanda ya fi zama a raina shi ne na Tanko maharbi. Mahara sun addabi garinsu, sai ya haƙa ramuka kewaye da gari, ya kafa itace masu tsini a ciki, ya rufe da ciyawa. Ya bar siririyar hanya guda ta tsira, ya yi mata alamomin da shi kaɗai ya gane: sara a jikin marke, ƙulli a gamba. Duk wanda ya ce ya koya masa, sai ya ce, "Ku bar min, ai ina nan."

"Ranar da mahara sunka zo," in ji Inna, tana rage murya, "mashin farko a maƙogwaron Tanko ya sauka."

Mutane suka watse cikin daji. Mai goyo ta rufta, tsini ya huda ta ya fito ta bayan jaririn. Ƙanen Tanko ya kwana biyu a tsire yana kiran ruwa. Maharan ma tsayawa suka yi suna kallo, ba su ɓata kibiya ba.

Na girma na zama malamin kwamfuta a Damba, cikin Gusau. Da 'yan bindiga suka matsa wa manoman Wanke, na rubuta wata 'yar manhaja mai aika saƙon gargaɗi zuwa wayoyinsu. Na rubuta ta a dunƙule, kowane abu na sa masa suna da harafi ɗaya, babu layin bayani ko guda. Ina jin daɗin yadda ɗalibaina ke kallonta su girgiza kai.

Wata Laraba ina hanyar dawowa daga Tsafe, babu sabis, aka kira wayar ajinmu cewa an ga babura sun nufi wata ruga. Malama Hauwa'u ce ta ɗauka, wata ungozoma da ta yi wata biyu kacal da fara koyo. Lambobin wayar mutanen rugar ba sa cikin manhajar. Ta buɗe rubutun don ta ƙara su, ta rasa inda za ta sa. Da na iso na same ta gaban allon.

"Malam, wane ne k? Wane ne z? Na karanta har sau goma!"

Saƙon bai fita ba. An harbe wani makiyayi, Malam Jaɓɓi, a bakin rijiya, aka kora shanunsa. Na je ta'aziyya, na kasa haɗa ido da matarsa.

Da ina yaro na ɗauka maharan ne mugayen labarin Inna. Sai a kan tabarmar makokin nan na gane da wa take.

Na sake rubuta manhajar daga farko. Kowane abu da cikakken sunansa na Hausa, kowane mataki da bayani a samansa. Yanzu duk abin da na rubuta, sabon shiga nake miƙa wa ya karanta da ƙarfi. In ya tsaya yana ƙifta ido, ba na ce masa ya ƙara ƙoƙari. Kujera nake ja, in goge layin.